Kotar fitar da lemun tsami: yaya aka yi ta a Amurka, kuma za ta yi aiki a Maradi?

Sakataren Lambu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana kasuwar kayan lambu ce. Kowa ya san halin lemun tsami a nan: daga ƙarshen damina zuwa farkon ɗari lambunan gulbi, tun daga Madarunfa da Jiratawa har Tibiri, suna zubo kaya lokaci guda, ga kuma na Najeriya yana shigowa ta Ɗan Isa, sai buhu ya faɗi warwas. Da bazara ta kama, musamman in ta haɗu da azumi, sai a koma sayar da shi ƙwaya-ƙwaya. Wasu masu lambu suna cewa hukuma ta sa hannu, ta ƙayyade buhu nawa za a fitar kowane mako, a raba wa masu tattara kaya kowa da kasonsa, wai haka Amurka ta yi. Shin da gaske ne? Wa ke yanke adadin, da wane lissafi ake rabon, kuma ina ake kai abin da ya rage? In abin kirki ne, ta ina za a faro shi a nan?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Sakatare. Da gaske ne an yi, kuma an daɗe ana yi, daga 1941 har 1994. Tushensa dokar tarayya ce ta 1937 kan yarjejeniyar sayar da amfanin gona, wadda aka yi bayan karyewar farashi ta shekarun 1930. A ƙarƙashinta aka fitar da umarni mai lamba 910 domin lemun tsamin Kalifoniya da Arizona. Lemun zaƙi na yankin yana da nasa, 907 da 908.

Ba minista ne ya zauna a ofis ya ɗora wa mutane ba. Manoma ne ke nema, a yi zaman sauraron jama'a, sannan a kaɗa ƙuri'a. Sai kashi biyu cikin uku sun yarda, ko ta yawan manoma ko ta yawan kayan da suke nomawa. Da zarar ya wuce, ya hau kan kowa, har wanda ya ce a'a. Nan ne bambancinsa da yarjejeniyar koperatif, wadda mutum zai iya ficewa in ya ga dama.

Mai aikin yau da kullum kwamiti ne na manoma da masu gidajen ɗaurin kaya, wato inda ake wanke lemun, a tantance shi, a zuba a kwali. Kafin shekara ta kama sai ya fitar da hasashe: yawan amfanin da ake sa rai, girman ƙwaya, abin da kasuwar cikin gida za ta iya sha. Daga nan kowane mako kwamitin yana zama ya dubi farashi, abin da ke cikin sito, abin da ke kan hanya, da yanayin gari, tunda zafi na ƙara shan lemun tsami. Sai ya ba da shawarar kwali nawa za a saki mako mai zuwa. Ministan noma ne ke sa hannu ta zama doka, a buga a jaridar gwamnati. Ma'aunin kwali ne mai nauyin laba 38, wajen kilo 17.

A lura da kyau, kotar, wato adadin da aka yarda a fitar, tana kan mai ɗaurin kaya ne, ba kan manomi ba. Babu wanda ya hana manomi dasa itace ko tsinka. Abin da aka ɗaure shi ne ƙofar fita daga gidan ɗauri zuwa kasuwar ɗanyen kaya ta Amurka da Kanada, domin gidajen ɗauri ba su da yawa, ana iya ƙirga su a bi takardunsu, manoma kuwa dubbai ne.

Rabon yana tafiya kamar haka. Kowane gidan ɗauri yana rubuta takardar neman tushen rabo, ya nuna lambunan da ya ƙulla da su. A lemun zaƙi ana kimanta abin da ke bisa itatuwan da ke hannunsa. A lemun tsami, a shekarun baya-baya na tsarin, ana duba matsakaicin abin da aka tsinko aka kawo masa a makonnin da suka wuce. Sai a haɗa na kowa a ga kashi nawa cikin ɗari nasa ya kama. A ƙaddara an saki kwali 300,000 a mako, gidan da ke da kashi 2 cikin ɗari yana da kwali 6,000. An kuma raba ƙasar shiyya uku, tsakiyar Kalifoniya, kudancinta na bakin teku, da yankin hamada har Arizona, saboda ba lokaci ɗaya suke nuna ba, kuma kayansu ba ɗaya suke jure ajiya ba.

An bar ƴan ƙofofi don kada ciniki ya sandare. Wanda oda ta yi masa yawa zai iya zarce kasonsa da ɗan abu, a cire masa a mako na gaba. Wanda bai cika ba zai iya jan ɗan abin da ya rage zuwa gaba. Gida zai iya ara wa wani gida kaso, a rubuta ranar biya, kwamiti ya sani. Kowace lodi tana da takarda, kuma kowane kwali ana cire masa ɗan kuɗi na tafiyar da kwamitin da masu binciken littattafai. Wanda ya fitar da kaya sama da kasonsa da gangan, doka ta ce ya biya gwamnati kuɗin rarar a farashin kasuwa na ranar.

Ragowar kaya kuwa hanya uku gare shi, kuma duka ba sa cikin kota. Ko ya jira a sito, ko a fitar da shi ƙasashen waje (Japan ta buɗe ƙofarta ga lemun tsami a 1964, ta zama babbar mai saye), ko a kai masana'anta a matse ruwa, a tatsi man ɓawo, a cire sinadarin da ke daskarar da jam. A shekarun da amfani ya yi yawa, rabin kayan ko fiye masana'anta yake tafiya, a farashin da wani lokaci ko kuɗin tsinka da mota bai mayarwa.

Dalilin da ya sa lissafin ke fita shi ne lemun tsami ba abinci ba ne da za a ƙara ci don ya yi araha. Mai shayi ko mai koko abin da yake bukata a rana shi zai saya. A ƙaddara kasuwa na shan buhu 100 a jika 15, kuɗin ya kama jika 1,500. In aka zuba mata buhu 160 farashi ya sauka jika 7, an samu jika 1,120. An ƙara kaya, kuɗi sun ragu. Duk tsarin a kan wannan ya tsaya.

Hajiya Mai Sito:

Malam ya yi bayani daidai, amma Sakatare kada ka tsallake maganar sito, don ita ce ƙashin bayan abin. Lemun da suke magana a kai babba ne mai kaurin ɓawo, irin Eureka da Lisbon. Ana tsinkarsa da girma, ba da nuna ba: mai tsinka yana riƙe da zobe, ƙwayar da ba ta shige zoben ba ita ake yankewa da almakashi, a bar mata ɗan hancinta. A gidan ɗauri a wanke, a sa maganin ruɓa da kakin da ke hana bushewa, a ware ta launi: kore shar, kore mai haske, mai fari-fari, da rawaya. Rawaya ita ke fita da wuri. Kore shar kuwa tana iya yin wata huɗu zuwa shida a ɗaki mai sanyin digiri 12 zuwa 14, da laima kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, ana sauya iska don fitar da iskar da ke gaggauta nuna. A cikin ajiyar ma gyaruwa take yi, ɓawo ya yi laushi, ruwa ya ƙaru. Shi ya sa in an ce wa mai ɗauri "wannan mako kwali 6,000 kawai", ba asara ba ce nan take, jira ne.

Namu ƙaramin mai siririn ɓawo ba haka yake ba. Ko a ɗakin sanyi mai digiri 10 zuwa 13, mako shida zuwa takwas ne iyakarsa, kuma yana rawaya tun kafin nan. In aka sauke sanyin ƙasa da haka, kamar yadda ake yi in an haɗa shi da nama ko kifi a firiza, ɓawo ya yi ramuka ya yi baƙi. A rumfar kasuwa kuwa, da zafin Maradi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fara yamushewa. To wanda aka hana shi fitar da buhu 30 yau, ina zai sa su? Ga wutar lantarki da kowa ya san halinta, ga babu masana'antar matse ruwa da za ta kwashe rara da yawa. Kota ba tare da mazubar rara ba, umarnin zubar da kaya ne kawai.

Kuma yawancin asarar da ake ɗora wa faɗuwar farashi tun daga lambu take farawa. Kaɗe itace da sanda yana sa ƙaya ta soki ƙwaya, ta wannan ramin koren funfuna ke shiga, ƙwaya ɗaya ta shafa wa na kusa da ita cikin kwana uku ko huɗu. Tsinka da sassafe da raɓa, ko bayan ruwan sama, ɓawo yana cike da ruwa, ɗan matsi kaɗan sai jakunkunan mai su fashe su ƙona fatar, washegari a ga tabo ruwan ƙasa. A bari sai raɓa ta bushe. Fizge ƙwaya da hannu yana cire hanci ya bar rami, a yanka ko a murɗa a hankali. Buhun leda babba da ake cusawa har a ɗinke masa hula, a jibga shi hawa biyar a kamyo da mutane zaune a kai, na ƙasan duk ya matse. Akwatin roba ko kwando mai kilo 20, a inuwa, ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da kuɗin mota ya ɗan hau.

Alhaji Na Tasha:

Ni ina ganin an yi wa tsarin Amurkan ado fiye da kima. Sakatare ya ji yadda ya ƙare tukuna.

Na farko, wa ke riƙe da kwamitin? Sunkist, babbar koperatif da ta faro tun 1893, ita ke da mafi yawan kaya, kuma doka ta yarda koperatif ta kaɗa ƙuri'a guda a madadin dukkan mambobinta. Kenan ko cikin mambobin akwai masu ƙi, muryarsu ta nutse. Masu ɗauri masu zaman kansu suka riƙa kukan cewa ana yanke adadin mako daidai da bukatar babba, mai masana'antar matse ruwa da kasuwar waje, su kuwa ga mai saye a ƙofa da kuɗi a hannu amma doka ta hana su sallamar sa.

Na biyu, tunda kasonka yana bin yawan kayanka ne, hanyar samun ƙarin kaso ita ce ƙara dasa itace da ƙara tsinka, ko da ka san rabin zai tafi masana'anta. Farashin ɗanyen kaya da aka riƙe sama ya jawo sababbin lambuna, musamman a hamadar Arizona wajen Yuma. Amfani ya ƙaru, kasuwar cikin gida ba ta ƙaru sosai ba, sai kashin da ake karkatarwa ya riƙa hawa. In aka haɗa kuɗin ɗanye da na masana'anta aka raba, abin da ke isa aljihun manomi ya dawo kusa da inda aka baro, mai saye kuma yana biyan tsada. A 1981 hotunan tulin lemun zaƙi yana ruɓewa a fili a Kalifoniya sun tayar da ƙura sosai a ƙasar.

Na uku, ha'inci. A rubuta lodi a matsayin na fita waje ko na masana'anta, alhali kasuwar gida ya nufa. A rubuta kwali 800 a loda 1,000. A ɗage kwanan watan takarda zuwa mako na gaba. Wani mai ɗauri, Carl Pescosolido na kamfanin Sequoia Orange, wanda ya yi shekaru yana yaƙar tsarin, da aka tuhume shi da keta kota sai ya shigar da ƙararraki a kan gidajen ɗauri masu yawa, har da na Sunkist, cewa su ma haka suke yi. Da abin ya cika kotuna, a 1994 ministan noma Mike Espy ya soke umarnin uku gaba ɗaya, gwamnati kuma ta nemi a kori shari'o'in, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a 1998. Abin da ya rage a jihohin Florida da Texas shi ne ƙa'idar inganci da girman ƙwaya, ba rabon mako irin wancan ba. Afirka ta Kudu ma, da take fitar da lemunta duka ta hannu ɗaya da sunan Outspan, ta saki kasuwar a 1997.

Wannan a ƙasar da kowace lodi ke da takarda da sikeli kenan. Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. Dattawan garin nan sun san zamanin SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa da aka kafa a 1962, lokacin da sai mai lasisi ke sayen gyaɗa kuma kowa da adadinsa. Duk shekarar da farashin Najeriya ya fi, gyaɗa ta bi dare ta tsallaka, in namu ya fi, tasu ta shigo. Daga Maradi zuwa iyaka tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. In masu lambun gulbi suka riƙe kayansu farashi ya ɗaga, kafin kasuwa biyu motocin Katsina da Kano sun cike gurbin, kai da ka riƙe ka tashi da ruɓaɓɓen kaya. Ko rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 bai tsayar da ƴan babur ba, balle takardar kwamiti.

Sakataren Lambu:

Na gode Malam, Hajiya, Alhaji. Na fahimci dokar gwamnati ba za ta ɗauru ba a nan. To a matakin ƙungiyar masu lambu fa, akwai abin da za a tsinta daga ciki? Albasa ai tana da ɗan tsari.

Malam Mai Lissafi:

Akwai, amma ƙarami ne, kuma Alhaji yana da gaskiya kan iyaka. Tsarin albasa, wato ANFO (ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa) da kontuwar (cibiyoyin cinikin albasa) irin na Tsarnawa da Madawa da takardar ɗaukar kaya, yana tattara ciniki wuri ɗaya ne, a san farashi a san abin da ya fita. Bai hana kowa sayarwa ba. Kuma albasar Galmi tana zama watanni a rudu, Nijar ce ke ciyar da maƙwabta da ita. Lemun tsami bai da ko ɗaya cikin biyun.

Abin da zai yiwu shi ne jeren tsinka. Ƙungiya ta yi rajista tukuna bisa dokar koperatif ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar: mutum 5 sun isa ƙaramar koperatif, babbar mai majalisar gudanarwa kuwa sai 15. Ofishin CRA, wato majalisar manoma ta jiha, yana taimakawa da takardun. Daga nan a ƙirga itatuwa masu haihuwa na kowane mamba, mutum uku su zaga tare, ba mai lambu ne zai faɗi adadinsa ba. A ɗora rabo kan itacen da ya riga ya kai haihuwa, a tsayar da shi na shekara guda, don kada a maimaita kuskuren Amurka inda ƙara tsinka ke ƙara kaso. A riƙe littafi na makonni da yawa kafin a fara: buhu nawa ya shiga kasuwa, daga ina, a nawa aka sayar da safe, a nawa da la'asar. In ba wannan littafin, adadin mako zato ne.

Sito mafi araha shi ne itacen kansa. Ƙwayar da ta kai girma tana iya ƙara ɗan lokaci a bisa kafin ta yi rawaya ta faɗo, don haka a raba mambobi rukuni uku ko huɗu, kowane rukuni da ranar tsinkarsa, a riƙa juya wa don kada wasu su riƙa samun ranar kasuwa mai kyau kullum. A yarda da aro tsakanin mambobi, mai biki ko rashin lafiya ya karɓi ranar wani ya mayar, a rubuta. Kuɗi a haɗa na mako a raba bisa nauyi da daraja, in ba haka ba wanda ranarsa ta faɗa kan faɗuwar farashi zai fice. Inda ake karyewa shi ne mamban da ya ci bashin dillali tun itace na fure, kayansa ba nasa ba ne, ba zai iya jira ba. Ƙungiyar da ba ta da ɗan asusun ba da rance a wannan lokacin, jerenta ba zai wuce shekara ba.

Hajiya Mai Sito:

In ƙara biyu a kan na Malam. Ware kaya kashi uku ya fi kota saurin kawo kuɗi: manya kore marasa tabo su tafi nesa, Yamai ko Agadas, matsakaita kasuwar gari, masu rawaya da ƙanana kada su shiga buhu ɗaya da na farko don su ke karya farashinsa. Waɗannan na ukun a tafasa su mintoci kaɗan a ruwan gishiri, a shanya a kan raga sama da ƙasa har su bushe ƙayau su yi duhu, suna ƙara in an girgiza. Haka ake yin busasshen lemun da ƙasashen Larabawa ke sa wa a miya da shayi, kuma yana zama watanni. Iskar ɗari ta dace da shanyar. Sai dai a nemo mai saye kafin a busar da mai yawa.

Na biyu, mai rijiya da injin ban ruwa zai iya kauce wa cunkoson gaba ɗaya ta hanyar juya lokacin fure. Bayan ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba, a hana itacen ruwa wajen mako huɗu zuwa shida har ganye ya fara lanƙwashewa da safe ma, ba da rana kawai ba. Sannan a zuba taki a ba da ruwa, kaɗan da farko, a ƙara a hankali. Cikin ƴan makonni sai fure ya ɓarke, ƙwaya ta isa tsinka bayan wata biyar zuwa shida, wato Afrilu da Mayu lokacin da kasuwa ke nema. Manoman Indiya da na tsibirin Sisili suna yin irin wannan. Abin da ke ɓata shi: yi wa itace ƙarami ko mara lafiya, wuce gona da iri har ganye ya zube, ko tsayar da ban ruwa bayan ƙwaya ta ɗaura, sai ta kakkaɓe. Iskar hunturu mai ƙarfi ma tana zubar da fure, don haka lambun da ba shi da shingen darbejiya ko wani abin tare iska ta gabas zai yi asarar da yawa. A gwada da kashi ɗaya cikin uku na itatuwan, shekara mai zuwa a sauya wasu, kada a matsa wa itace ɗaya shekara biyu a jere.